Daga ɗakin labarai zuwa kamun ƙafa a majalisa: amsa daga Washington

Malam, ka tambaya yadda ɗan jarida zai ajiye makirufo ya koma yi wa ƙungiyar Kiristoci kamun ƙafa a majalisa, ba a ce ya sayar da kai ba. A nan Amurka sana'a ce mai rajista, kuma mu Hausawan da muka daɗe a Maryland da Virginia muna ganin amfanin saninta.

Ka ɗauki Tony Perkins. Ya yi aikin ɗauko labarai a wani gidan talabijin na Baton Rouge a jihar Louisiana, ya zama ɗan majalisar jihar daga 1996 zuwa 2004, sannan tun 2003 yake shugabantar Family Research Council, ƙungiyar Kiristoci masu ra'ayin mazan jiya. A 2019 ya zama shugaban USCIRF, hukumar da dokar 1998 ta kafa don sa ido kan 'yancin addini a duniya. Ita ce ta daɗe tana matsa lamba a saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake nuna damuwa ta musamman a kansu, aka saka ta a Disambar 2020, aka cire ta a Nuwambar 2021.

Abin da jarida ta koya masa shi ne jarinsa: ya san yadda ake ƙunsa magana a shafi ɗaya, ya san lokacin da edita ke rufe shafi, yana da lambobin waya.

Amma akwai shinge. Mai katin ɗauko labarai a majalisa ba a yarda ya yi kamun ƙafa ba, sai ya zaɓi ɗaya. Dokar kamun ƙafa ta 1995, bayan gyaran da aka yi mata a 2007, ta ce wanda ake biya, kuma yake ba da kashi 20 cikin 100 na lokacin aikin da yake yi wa mai biyansa ga kamun ƙafa, dole ya yi rajista, ya riƙa ba da rahoto duk wata uku. In gwamnatin waje ce ke biyansa, to dokar FARA ta 1938, ta rajistar wakilan ƙasashen waje, ce a kansa.

Mu kuwa, in za mu kai wa majalisa kuka kan hare-haren da ake kaiwa a gida Najeriya, ba kuɗi muke bayarwa ba, ƙuri'a ce makaminmu. Ɗan majalisa mutanen mazaɓarsa yake saurara, shi ya sa muke tura wanda ke da adireshi a can, Musulmi da Kirista tare in ya samu. Hadiminsa za ka gani, matashi da littafin rubutu, minti 15 zuwa 20. Inda 'yan'uwanmu ke tuntuɓe, Malam, shi ne doguwar gaisuwa da tarihi tun daga haɗe Arewa da Kudu a 1914, lokaci ya ƙare ba a faɗi buƙata ba. Wasu kuma su kawo adadin mamata daga WhatsApp, hadimi ya bincika ya ga babu tushe, shi ke nan ba zai sake ɗaga wayarka ba. Abin da ake so shi ne sunan ƙauye, ranar hari, buƙata guda, sai wasiƙar godiya cikin kwana biyu.