Kitse a jini da hawan jinin mai ciki: amsoshin wasiƙunku

Tambaya: Cikina wata shida, gwaji ya nuna kolestirol ɗina, wato wani nau'in kitsen jini, ya hau. Tsoron jijjiga ya hana ni barci.

Kwantar da hankalinki, 'yar'uwa. Kitsen jini yana hawa ga kusan kowace mai ciki, domin da shi mahaifa ke haɗa sinadaran da ke riƙe cikin. Kolestirol kan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari. Gaskiya ne waɗanda kitsensu ya yi yawa tun farkon ciki sun fi fuskantar hawan jini daga baya, amma ba da wannan gwajin ake gane wadda za ta kamu ba. Abin lura game da jijjiga shi ne awon jini ya kai 140/90 bayan mako 20, da furotin a fitsari. Kuɗin sake gwajin, ki ajiye shi na motar zuwa awo.

Tambaya: Na'urar awon jini zan saya wa maiɗakina, ta wuyan hannu ko ta dantse?

Ta dantse, Malam, kuma maɗaurin ya dace da kaurin dantsenta, don ƙarami yana nuna jini ya hau alhali bai hau ba. Ta zauna minti 5 kafin awo, hannu daidai ƙirji. In ta ga 160/110, asibiti nan take.

Tambaya: Akwai shayin narkar da kitse da ake talla a mota, in saya?

Haba Hajiya! Da ciki? Garin magani a leda, ba lambar NAFDAC, ba sunan abin da aka zuba, mai lasifika ya ce yana maganin teɓa da basir da sanyi duk a lokaci guda. Yawancinsu zawo da fitsari suke sawa, ruwan jiki ya ragu, a ɗauka kitse ne ya narke, ƙoda kuwa tana wahala. Ko ƙwayar rage kolestirol ta asibiti galibi dakatar da ita ake yi idan ciki ya shiga, balle abin da ba a san asalinsa ba. Don rigakafin jijjiga kuwa, wadda ke cikin haɗari sosai, kamar mai tagwaye, mai ciwon suga, ko wadda ta taɓa jijjiga, likita ne zai rubuta mata asfirin ƙarami mai miligiram 75 daga mako 12, wani lokaci da kalsiyam. Kada ki je kemis ki saya da kanki.

Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, alamun haɗari ne ga mai ciki, a tafi asibiti, kada a jira gari ya waye.