Amsa: Fedora tana ba ni sautin bidiyo amma babu hoto, in ƙara rumbunan waje?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, barka da shigowa cikinmu.

Idan na fahimce ka daidai, ka sa Fedora 42, ɗaya daga cikin ire-iren Linux, a kan kwamfutarka HP ta hannu. YouTube yana tafiya lafiya lau, bidiyon da ake turo maka ta WhatsApp ma yana buɗewa, amma na bikin ƙanwarka da ka kwafo kai tsaye daga waya sai dai ka ji kiɗa da guɗa, allo kuwa baƙi ƙirin. Ka ce tun ranar farko ka danna maɓallin kunna rumbunan waje, wato wuraren intanet da ake sauke manhajojin da Fedora ba ta zo da su ba, ga shi bai hana ba. Yanzu kuma wani ya ba ka jerin rumbuna har huɗu ya ce ka zuba su duka, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta ba.

Gara da ba ta kwanta ba. Rumbu ɗaya kake buƙata, sunansa RPM Fusion. Sauran ukun ka bar wa mai su.

Maɓallin nan da ka danna ya ruɗi mutane da yawa, har da ni a farko. Abin da yake buɗewa kaɗan ne: Google Chrome, Steam, direban NVIDIA, da shagon manhajoji na Flathub, sai wani abu ɗaya ko biyu. Za ka ma ga sunan RPM Fusion a jerin, sai ka ɗauka an gama, alhali ƙananan sassa biyu ne kawai aka yanko daga cikinsa, na NVIDIA da na Steam. Babban ɗakin da kodek, wato manhajojin buɗe sauti da bidiyo, suke ciki yana nan a kulle. Rubuta dnf repolist a taminal, wato tagar rubuta umarni, ka duba (dnf shi ne mai girka manhajoji a Fedora). In ba ka ga rpmfusion-free da rpmfusion-nonfree zalla ba, waɗanda babu nvidia ko steam a wutsiyarsu, to ba ka da shi.

Kafin umarni, ka san abin da ke faruwa, don gobe kada wani ya ce maka kwamfutarka ce ta lalace. Wannan mp4 da kake gani a ƙarshen sunan fayil mazubi ne kawai. Kula iri ɗaya ce, amma wata tuwo ne a ciki, wata shinkafa. Abin da aka zuba shi ne hoton da aka matse da wani salon matsi, kodek kuma shi ne manhajar da ta san yadda za ta warware shi. YouTube yakan ba burauza VP9 ko AV1, waɗanda aka sake wa kowa ba tare da biyan kuɗin lasisi ba, don haka Fedora ta zo da su. WhatsApp yana sake matse bidiyo ya mai da shi H.264, wannan kuma kamfanin Cisco ya ɗauke wa mutane nauyinsa: yana rarraba nasa mai suna OpenH264, shi ke biyan kuɗin lasisin, Fedora kuma tana jawo shi daga wurinsa. Bidiyon bikin kuwa, kusan zan iya rantsewa H.265 ne, wanda ake kira HEVC. Tun 2017 iPhone ta koma ɗaukar bidiyo da shi, wayoyin Android da dama ma sun bi sahu saboda yana rage cin wuri. Shi wannan babu wanda ya biya maka.

Me ya hana Fedora ta sa shi? Red Hat ce ke ɗaukar nauyinta, kamfanin Amurka ne, IBM ta saye shi a 2019. A Amurka dokar haƙƙin ƙirƙira ta shafi irin waɗannan dabaru na matse hoto da sauti, masu riƙe da haƙƙin kuma kuɗi suke karɓa a kan abin da aka rarraba. Kamfani mai dukiya irin wannan shi ne farkon wanda za a maka a kotu. Saboda haka duk abin da ke da wannan igiya a wuya, Fedora ba ta taɓa shi. Mu da muka daɗe a harkar mun ga zamanin da ko MP3 ba ta kunnawa, sai da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare a 2017 sannan ya shigo gaba ɗaya. Ka ga ke nan ba gazawar injiniyoyi ba ce, maganar lauyoyi ce.

RPM Fusion kuwa 'yan sa-kai ne ke tafiyar da shi, da yawansu ma masu haɗa fakitin Fedora ɗin ne. An kafa shi a 2008 bayan rumbuna uku, Livna da Freshrpms da Dribble, sun haɗe wuri guda, kuma babban dalilin haɗewar shi ne irin rigimar da ake sha idan mutum ya cakuɗa su. Kashi biyu ne. Wanda ake kira free yana ɗauke da manhajojin da lambarsu a buɗe take amma haƙƙin ƙirƙira ya hana Fedora ɗauka. Nonfree kuma na waɗanda lambarsu a rufe take ko lasisinsu yake da sharuɗɗa. Dukansu ba ka biyan ko sisi, kada sunan ya ruɗe ka.

To ga aikin. Ka fara sabunta komai da sudo dnf upgrade, ka kashe ka kunna. Daga nan wannan, layi ɗaya ne duk tsawonsa:

sudo dnf install https://mirrors.rpmfusion.org/free/fedora/rpmfusion-free-release-$(rpm -E %fedora).noarch.rpm https://mirrors.rpmfusion.org/nonfree/fedora/rpmfusion-nonfree-release-$(rpm -E %fedora).noarch.rpm

Wancan $(rpm -E %fedora) shi ke cike lambar Fedora ɗinka da kansa, kada ka goge shi. Sai ka musanya ffmpeg, manhajar sarrafa sauti da bidiyo, wato ka cire wanda aka rage wa ƙarfi ka sa cikakken:

sudo dnf swap ffmpeg-free ffmpeg --allowerasing

Sai kayan GStreamer, waɗanda manhajar kallon bidiyo ta GNOME (teburin da Fedora ke zuwa da shi) ke dogaro da su:

sudo dnf update @multimedia --setopt="install_weak_deps=False" --exclude=PackageKit-gstreamer-plugin

Daga Fedora 41 an koma sabon dnf, wasu tsofaffin umarnin da za ka tarar a intanet ba sa aiki yanzu. In wani layi ya ƙi, je shafin RPM Fusion ɗin kansa, sashen da ya yi bayanin sauti da bidiyo, ka ɗauki na can. Idan kuma Silverblue ko Kinoite ka sa, wato wasu ire-iren Fedora na daban, tsaya, hanyarsu daban ce, ka faɗa mini tukuna.

Karo na farko da za ka sauke wani abu daga rumbun, dnf zai tsaya ya nuna maka doguwar lambar makulli ya tambaya ko ka yarda. Yawancinmu y kawai muke dannawa. Ka ɗauki minti ɗaya ka gwada ta da wadda ke shafin makullansu. Dalili shi ne, duk rumbun da ka ƙara ka ba mai shi mukullin gidanka ne. Fakitinsa yana shiga da cikakken iko, yana iya sauya kowane fayil, kuma ba yau kaɗai ba, duk ranar da ka yi sabuntawa ƙofar a buɗe take gare shi. Wannan ne ya sa na yarda da rumbun da jama'a da yawa suka zuba wa ido fiye da shekara goma sha biyar, ban yarda da na mutum ɗaya da ban san ko gobe zai gaji ya watsar ba.

Kalmar --allowerasing ita ce wurin da nake so ka buɗe ido sosai. Ma'anarta ka ba dnf izini ya cire duk abin da ya tare masa hanya. A umarnin da na ba ka, abin da ya kamata ka gani a jerin cirewa 'yan fakiti ne masu free a ƙarshen sunansu, irin su libavcodec-free da libavformat-free. In ka ga jerin ya yi tsawo, ko ka hango gnome-shell ko firefox a ciki, danna n ka kawo mana hoton allon.

Ni jiki magayi ne a nan. Shekarun baya ina da RPM Fusion lafiya ƙalau, sai kwaɗayin wata manhajar tace bidiyo ya ja ni na ƙara wani rumbu da na tsinta a wani shafi. Ashe shi ma yana da nasa ffmpeg, da lambar siga da ta ɗara ta wancan. Wata biyu ba abin da ya faru. Ranar da na zo sabuntawa sai dnf ya cika allo da ƙorafin cewa wannan yana son laburare kaza, wancan kuma ya ƙi. Dare ya yi, ina sauri, na liƙa --allowerasing na danna y ban karanta ba. Da na sake kunnawa babu tebur babu linzami, sai baƙin allo da wurin rubuta suna. Washegari kuma akwai aikin wani ango da na yi alkawarin miƙawa. Sai da na shiga ta taminal, na kashe baƙon rumbun, na yi sudo dnf distro-sync, na sake sa abin da ya ɓace ɗaya bayan ɗaya, datar sati guda ta tafi a dare ɗaya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗun da aka ba ka. Tun daga ranar na riƙe dnf history, wanda ke nuna duk abin da ka sa ko ka cire, da lambar kowane aiki.

Yanzu maganar da ba ka tambaya ba amma za ka dawo da ita jibi: bidiyon ya buɗe, sai dai yana tsalle-tsalle, fanka tana ihu, batir yana zuba. Wannan yana nufin furosesa ce ke ɗauke da kayan ita kaɗai, sashen hoto na kwamfutar yana zaune. Sai an sa masa direbansa. In Intel ce daga ƙarni na 5 zuwa sama, sudo dnf install intel-media-driver. In ta girmi haka, kamar masu ƙarni na 3 da na 4 da suka cika kasuwannin kwamfutar hannu, libva-intel-driver za ka sa. In AMD ce, Fedora ta cire wannan aikin daga Mesa ɗinta, wato tarin direbobin hoto, tun 2022 saboda dalilin haƙƙin nan dai, don haka:

sudo dnf swap mesa-va-drivers mesa-va-drivers-freeworld

Mai AMD ya san da wannan: wani lokaci Fedora takan fitar da sabuwar Mesa kafin RPM Fusion ya kammala tasa, sai dnf ya yi ƙorafin saɓanin siga. Ba abin gyara ba ne, haƙurin kwana ɗaya ko biyu ne. Kada a tilasta.

Don tabbatarwa, sa libva-utils ka rubuta vainfo. Zai jero abin da na'urarka ke iya warwarewa da kanta. Kada ka yi mamaki in ba ka ga HEVC ba. Sai daga ƙarni na 6 Intel ta fara warware shi sosai a cikin ƙarfen, mai zurfin launi na bit 10 kuma sai ƙarni na 7. Tsohuwar EliteBook ko ThinkPad ta 2012 ko 2013, ko rumbu ɗari ka ƙara mata ba za ta ja bidiyon 4K na sabuwar waya sumul ba. Abin da nake yi wa masu irinta shi ne in juya bidiyon sau ɗaya a huta:

ffmpeg -i biki.mp4 -vf scale=-2:720 -c:v libx264 -crf 23 -pix_fmt yuv420p -c:a aac biki2.mp4

Zai ɗauki lokaci, ka jona caji ka tafi sallah. Wanda ya fito zai buɗe a kusan kowace na'ura, har talabijin ɗin falo mai cin filashi. Na asalin ka adana shi, kada ka goge. In kana son ganin abin da ke cikin kular tun kafin ka fara, ffprobe biki.mp4 zai gaya maka ko hevc ne ko h264.

Wani zai ce me ya kai ka wannan wahala, sauke VLC daga Flathub kawai. Gaskiya ne, yana zuwa da kodek ɗinsa a ciki kuma ba ya taɓa tsarin kwamfutar. In kallo kaɗai ne buƙatarka, hanya ce mai kyau. Amma VLC ɗin kaɗai zai amfana. Sauran manhajojin da ka sa ta dnf suna nan yadda suke, ƙananan hotunan bidiyo a cikin folda ma ba za su fito ba. Kuma Flatpak na farko, wato irin fakitin da ake saukewa daga Flathub, yakan jawo ginshiƙin da zai zauna a kai, ɗaruruwan megabait, wanda mai sayen data da gigabait ɗaya-ɗaya zai ji a jikinsa.

Tunda an zo maganar data: in da wayarka kake ba kwamfutar intanet, shiga saitin wannan Wi-Fi ɗin ka kunna zaɓin da ke nuna layin na awo ne, don kada shagon manhajoji na GNOME ya riƙa sauke sabuntawa a ɓoye. Sannan kada ka fara ɗayan umarnin nan batir yana kashi 15 kuma ba ka da tabbacin wuta. Yankewar intanet lokacin saukewa ba komai ba ce, za ka sake. Mutuwar kwamfuta tana tsakiyar girka fakiti ita ce matsala.

Fedora tana fitar da sabuwa duk bayan kamar wata shida, kowace kuma ana kula da ita kusan wata goma sha uku. RPM Fusion yana bin ka da kansa idan ka hau sabuwa, ba sai ka sake ƙara shi ba. Ni dai nakan bari sati biyu ko uku su wuce kafin in hau.

Na ga wani a sama ya ce ka koma Linux Mint ka huta. Ba ƙarya ya yi ba, can akwati ɗaya kake yi wa alama lokacin girkawa, a Ubuntu kuma ubuntu-restricted-extras ne. Masu openSUSE su ma irin hanyarmu suke bi, nasu rumbun Packman. Masu Debian kuwa ffmpeg ɗinsu cikakke ne tun daga gida, ba su da dalilin neman rumbun waje saboda kodek. Amma ban ga abin da zai sa ka goge tsarin da ka riga ka zauna a kai saboda layi uku ba.

Ka yi layukan nan uku na farko, ka gwada bidiyon bikin. Sannan ka turo abin da lspci | grep -i vga ya nuna, tare da sakamakon vainfo, in gaya maka direban da ya dace da HP ɗin taka. Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya.