Maƙwabcina Kirista Ya Yi Min Zancen Ranar Shari'a: Mene Ne Hukuncin Saurarensa?

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye ta ƙasar Sumaila. Ina da maƙwabcin gona, asalinsu Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista, kuma tare muke gayya. Ran nan muna sussukar dawa ya ce min su ma suna da ranar shari'a, sai dai wanda ya ba da gaskiya ga Yesu ya riga ya tsira, lada kawai yake jira. Wasu maganganunsa sun yi kama da namu har na gyaɗa kai. Na yi laifi? Kuma ya halatta in ce masa shi ɗan wuta ne?

AMSA: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abin da maƙwabcinka ya faɗa yana nan a littafinsu. A Matiyu sura ta 25 an ce Almasihu zai zauna a kursiyi ya ware mutane, na dama su gaji mulki saboda sun ciyar da mayunwaci sun duba mara lafiya, na hagu su tafi azaba madawwamiya. A Ru'ya ta Yohanna sura ta 20 an ambaci farin kursiyi da buɗe littattafai da littafin rai. Batun ya riga ya tsira kuwa, suna ɗauko shi daga wasiƙar Bulus ga Afisawa, cewa ceto alheri ne ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Sannan a Korintiyawa ta farko sura ta 3 aka ce wuta za ta gwada aikin kowa: wanda nasa ya tsaya ya sami lada, wanda nasa ya ƙone ya yi asara amma shi kansa ya tsira. Haka majami'u irin su ECWA suke karantarwa. 'Yan Katolika sun ba ayyuka muhimmanci fiye da haka, har suna da aƙidar wani mataki na tsarkakewa bayan mutuwa wanda waɗancan ba su yarda da shi ba.

Inda ka gyaɗa kai a kan tashin matattu da buɗe littattafai da ladan ciyar da mabukaci, babu laifi, domin namu ne tun kafin ka ji shi a bakinsa. Muslim ya ruwaito hadisin ƙudusi cewa Allah zai ce wa bawa ranar alƙiyama: na yi rashin lafiya ba ka duba ni ba, na nemi abinci ba ka ciyar da ni ba. Ko zancen cewa aiki kaɗai ba ya shigar da mutum Aljanna sai da rahamar Allah, yana cikin Bukhari da Muslim.

Amma akwai wuri biyu da musulmi ba ya gyaɗa kai. Na farko shi ne wane ne mai hukuncin. Su sun ce Almasihu ne, har suka sa shi a cikin ƙudurin aƙidarsu da manyan malamansu suka tsayar a taron birnin Nikiya tun shekarar 325. Mu kuwa a kowace raka'a muna cewa Maliki yaumid din. Annabi Isa (AS) a ranar nan wanda ake tambaya ne, kamar yadda ya zo a Ma'ida aya ta 116, inda zai barranta daga masu bauta masa. A hadisin ceto ma, mutane za su je wurinsa ya tura su ga Annabi Muhammad (SAW). Saukowarsa kafin tashin duniya mun yarda da ita, amma a matsayin shugaba mai adalci a bayan ƙasa. Na biyu shi ne cewa wani ya ɗauke zunubin mutane da mutuwarsa. Suratun Nisa'i aya ta 157 ta kore kashe shi da gicciye shi, Suratun Najmi kuma ta ce babu rai mai ɗaukar nauyin wani. Shi ya sa musulmi ba ya cewa ya riga ya tsira. Yana tsakanin tsoro da fata har rai ya fita.

Saurare ya halatta ga wanda ya san aƙidarsa. Idan ka ga zuciyarka na rawa, ka juya hirar zuwa farashin taki, ka kawo tambayar wurin malamai. Abin da ya faɗa wanda shari'armu ba ta ce komai a kai ba, kada ka gaskata kada ka ƙaryata, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Ce masa ɗan wuta kuwa bai halatta ba. Hukuncin gaba ɗaya tabbatacce ne: wanda saƙon Annabi (SAW) ya iso masa ya mutu bai yi imani ba yana cikin 'yan wuta, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Sai dai mutum mai rai ba ka san da me zai cika ba, kuma ba ka san yadda saƙon ya iso masa ba. Sau da yawa abin da ya fara isa ga irin waɗannan ƙauyuka zagin maƙwabta ne, ba wa'azi ba. Idan ya tambaye ka, faɗa masa aƙidarka ba ɓoye-ɓoye, da lafazi mai kyau kamar yadda Ankabut aya ta 46 ta umarta. Gayya da gaisuwa da dubiya ku ci gaba da su, Mumtahana aya ta 8 ta halatta. Wallahu a'alam.