Na Zubar da Abincin Kirsimetin Maƙwabciyata

Tambaya: Anti, barka da aiki. Maƙwabciyata Kirista ce, shekararmu shida katanga ɗaya. Ranar Kirsimeti ta aiko ɗanta da shinkafa da kaza da cincin. Dangin mijina suka ce haramun ne, na juye a bola, ashe yaron yana kallo. Tun ranar gaisuwarmu ta koma sama-sama. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, Kakuri, Kaduna.

Amsa: Ƙanwata, wasiƙarki ta taɓa ni, kuma ba zan ɓoye miki ba, kin yi kuskure. Yaron nan ne ya fi tsaya mini a rai. Ya ɗauko kula da hannu biyu yana murna, ya koma ya gaya wa uwarsa abin da idonsa ya gani.

A Zariya na tashi, kusa da Wusasa, inda za ki tarar da Musulmi da Kirista 'yan uwan jini a zuri'a ɗaya. Ana jibi Kirsimeti wata maƙwabciyarmu kan kira mahaifina ya yanka mata kaji, don kawai mu ci hankali kwance. Wa ya sani ko taki ma haka ta yi? Ba ki tambaya ba.

Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta mana abincin Ahlul Kitabi, aya ta 8 a Mumtahana kuma ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. Gaskiya ne akwai malaman da ke ƙyamar naman da aka yanka musamman don bikin wani addini, wannan kam ki zauna da malamin da kika yarda da shi. Amma shinkafa da cincin me suka yi? Ko zuciyarki ba ta kwanta ba, ai sai ki karɓa da fara'a, ki ba yaro tukuici, ki miƙa wa mai buƙata.

Yanzu kada ki aiki kowa. Ki wanke kular nan, ki zuba dambun nama ko ɗan waina, ki saka mayafi ki yi sallama da kanki. Ki ce, "Maman yara, na yi miki laifi, ki yafe mini." Kada ki kawo zancen dangin miji, zai zama kamar kina kare kanki. In ta ɗaure fuska ranar farko, ki yi haƙuri, tana da hujja. In Allah Ya kai mu Babbar Sallah, ki ware mata cinya guda, kuma ki kira yaron nan ya zo ya tayaku suya.