Filin Amsa Tambayoyi: Inabin Gangaren Dutse da Ɗanɗanon Jar Giya

Tambaya: Me ya sa manoman inabi a Turai ke wahalar da kansu da noma a gangaren duwatsu, alhali ga fili shimfiɗaɗɗe mai taki? Da gaske ne jar giyar inabin gangare ta bambanta?

Amsa: Ta bambanta, Malam, kuma sirrin yana cikin ɓawon inabin. Ruwan yawancin baƙin inabi ba shi da launi. Jan launi da baurin giya, irin wanda ake ji a shayin da ya daɗe a jiƙe, daga ɓawo da ƙwaya suke fitowa, shi ya sa ake barin ruwan ya tsumu tare da ɓawonsa mako 1 zuwa 3.

Ƙasar gangare ba ta da zurfi, tsakuwa ta yi mata yawa, ruwan sama kuma ba ya kwanciya a kanta. Itacen da ke ɗan jin ƙishirwa bayan ya yi fure yakan rage fitar da ganye, 'ya'yansa su tsaya ƙanana. Ƙaramin ɗan inabi kuwa ɓawonsa ya fi yawa idan aka gwada da ruwan cikinsa, don haka giyarsa ta fi duhu, ta fi bauri da ƙamshi. A ƙasa mai taki da danshi, ganye ke cunkushewa ya lulluɓe 'ya'yan, su kumbura da ruwa, ɗanɗano ya yi salam. Inabi irin Cabernet Sauvignon idan ya nuna a inuwa har warin ɗanyen tattasai yake yi.

Sai rana. A ƙasashen da ke arewacin duniya, gangaren da ke fuskantar kudu ya fi samun hasken rana, kamar na Côte-Rôtie a Faransa inda ake noman inabi irin Syrah. A kudancin duniya, mai fuskantar arewa ake nema. Ga wata fa'ida: iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare takan gangara ta taru a kwari, don haka sanyin da ke ƙona sabon toho ya fi cin gonakin ƙasa. Tsakiyar gangare ce aka fi daraja.

Wasu na cewa ɗanɗanon dutse na shiga giya kai tsaye. A ganinmu an kambama zancen. Babban aikin dutse shi ne tsane ruwa da riƙe ɗumin rana.

Tambaya: To, duk yadda gona ta ƙara tsawo, inabin ƙara kyau yake yi?

Amsa: A'a, Malama. Zafi na raguwa da kusan digiri 0.6 na ma'aunin Celsius a kowace mita 100 da aka hau. A wuri mai zafi wannan alheri ne: gonakin inabi irin Malbec na kwarin Uco a Mendoza ta Ajantina, da yawansu sama da mita 1,000, suna shan rana mai ƙarfi da sanyin dare, kuma sanyin daren ne ke hana tsamin inabi zubewa. A wuri mai sanyi kuwa, hawa sama na iya hana inabi nuna, a sami giya mai tsami da ɗaci.

Zafin da ya wuce digiri 35 ma yana hana launi haɗuwa, sukari ya hau da sauri. Gram 17 na sukari a lita yana ba da kusan kashi 1 cikin 100 na barasa, saboda haka inabin da ya wuce lokaci giyarsa takan yi zafi a maƙogwaro, ƙamshinta ya koma na busasshen inabi.

Tambaya: Wane kuskure aka fi yi a irin wannan gona?

Amsa: Barin ƙishirwa ta wuce kima. Idan ganye ya yi laushi tun hantsi, itacen ya daina haɗa sukari, 'ya'yan su yanƙwane ba su nuna ba. A nan ban ruwa na ɗigo, kaɗan-kaɗan, shi ne magani inda doka ta yarda. Na biyu, tsige ganye ta ɓangaren yamma: ranar la'asar tana ƙona ɓawo. A rage ganyen gabas kawai, iska ta ratsa, funfuna ta ragu.

Sai zaizayar ƙasa. A bar ciyawa tsakanin layuka, inda gangaren ya yi tsanani kuma a gina matakalai, irin na dutse da ke kwarin Douro a Fotugal, yankin da aka shata iyakarsa tun 1756. A irin waɗannan matakalai tarakta ba ta shiga, da hannu ake sassabe, da hannu ake tsinka, kuma wannan ƙwadagon ne ke ƙara wa giyar tsada.