An haɗa mini shafin intanet, amma Google bai san da shi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Wata uku ke nan da aka haɗa mini shafi da manhajar WordPress, amma ko sunan shagon na rubuta a Google ba ya fitowa. In fara biyan talla a Facebook ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka kashe ko kwabo a talla tukuna. Ka fara rubuta site: a akwatin binciken Google, ka liƙa adireshin shafinka ba tazara a tsakani. Idan babu abin da ya fito, mai yiwuwa daga ciki aka kulle ƙofa. Masu haɗa shafi kan kunna wani zaɓi da ke hana injinan bincike shiga yayin da suke aiki, sai su miƙa aikin ba su kashe shi ba. Yana cikin Settings na WordPress, ƙarƙashin Reading, can ƙasa. Ka cire alamar, ka adana.

Daga nan ka yi rajista da Google Search Console, inda ake sanar da Google shafi, kyauta ne. Zai ba ka wani ɗan rubutu da za a saka a bayanan DNS, wato saitin adireshin shafinka, don tabbatar da cewa shafin naka ne. Ka tabbata da imel ɗinka aka buɗe, ba na wanda ya yi maka aikin ba, domin ranar da kuka rabu, zai tafi da bayananka. Sai ka miƙa wa Search Console taswirar shafin (sitemap), wato jerin shafukan da ke cikinsa. Tun 2020 WordPress ke samar da ita da kansa a wp-sitemap.xml, idan kuma ƙarin manhajar Yoast aka sa maka, sunanta sitemap_index.xml. Ka yi haƙuri, abin kan ɗauki kwanaki, wani lokaci makonni.

A ganina, ga mai shago irinka, Google Business Profile, wato rajistar shago a Google, ya fi talla gaggawa, don shi ke sa ka fito a taswirar Google Maps. Ka sa sunan da ke jikin allon shagonka kawai. Masu ƙara "atamfa mai rahusa Kano" a cikin suna kan jawo a dakatar da su. Sau da yawa ana neman bidiyon da ke nuna allon da cikin shagon.

Sai hotuna. Hoton da aka ɗauka da waya kan kai megabait 3 zuwa 5, shafi mai hoto 20 kuwa mai ƙaramar data ba zai jira shi ba. Ka rage faɗin kowanne zuwa fiksel 1200 da manhajar Squoosh, ka mayar da shi WebP, nau'in hoto mara nauyi, sannan ka gwada saurin shafin a PageSpeed Insights, ɓangaren waya.

Tambaya: Ina sana'ar turaren wuta a Maiduguri. Ina sa adireshin shafina a Facebook da Instagram da WhatsApp, amma ban san wanne ke kawo mini masu saye ba.

Amsa: Hajiya, ki sa Google Analytics 4 a shafin, shi ke nuna inda masu shigowa suka fito. Sai dai masu shigowa daga WhatsApp galibi a rukunin Direct yake zuba su, kamar da hannu suka rubuta adireshin. Maganinsa Campaign URL Builder, shafin Google na haɗa mahaɗi: ki yi wa kowane dandali mahaɗi dabam mai ɗauke da sunansa, bayan wata guda ki kwatanta.

Da yake cinikinki a WhatsApp yake ƙarewa, ki sa maɓallinsa kusa da kowane kaya. Ana rubuta wa.me/234 ne, sai lambarki ba tare da sifilin farko ba. Saka wannan sifilin shi ne ke sa mai saye ya danna a ce masa lambar ba ta kan WhatsApp, ke kuma ba za ki taɓa sanin ya zo ba.