Tambayoyinku: Mai jawabin Yamai da takardarshi

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta mata masu saida albasa nan Tawa, muna son shirya taron yini guda kan adashe da yadda ake ciniki da manyan ƴan kasuwa, sai aka haɗa mu da wani a Yamai wai ƙwararren mai jawabi ne, har ya turo hoton sartifika ɗinshi ta WhatsApp, ya ce jaka 250 banda kuɗin kar da masauki. Wai da gaske ana bada takardar iya magana? Kuma mu biya?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Eh ana badawa, amma takarda suna ta tara. A Amurka akwai ƙungiyar masu jawabi, National Speakers Association, da aka kafa 1973, ita ke bada shaidar ƙwararren mai jawabi da ake ce ma CSP, kuma ba wai ka zauna aji sati guda a miƙo maka ba, sai ka kawo hujjar jawabi 250 da aka biya ka kuɗi, waɗanda suka ɗauke ka su faɗi yadda suka gan ka, a kuma duba bidiyonka. Akwai kuma Toastmasters tun 1924, su kulob ne na koyo, mutum ya tashi ya yi minti 5 zuwa 7 ana nuna mashi alamar lokaci kore, rawaya, ja, wani na gefe yana ƙirga sau nawa ya ce "eee". Sai ta ukku wadda ta fi yawa nan wajenmu, atestasiyon furmasiyon kwana ukku, wannan kam shaida ce ta ya halarta, shi ke nan.

To ki buɗe hoton nan ki ƙara girmanshi, wa ya bada, wace shekara, sunanshi na cikin rajistarsu a intanet? Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ni abin da ya fi damuna ma ba takardar ba ce, da wane harshe zai yi? Na taɓa zama wani taro, an kawo mutum da kwat da kwamfuta, awa biyu yana zuba Faransanci, tsofaffi na gyangyaɗi, wata ta kwance bakin zane tana ƙirga canjinta, sai da sanƙiran unguwa ya karɓi makirfo ya taƙaice zancen cikin minti goma sannan aka farka. Ƙwararre na gaske amfaninshi shi ne zai tambaye ku tun kafin ya zo, su wa za su zauna, nawa buhu yake lokacin kaka nawa yake in albasa ta yi wuya, me ke ruɓar da ita a rudu, kuma ya tsaya kan lokaci.

Ki ce ya turo bidiyo yana magana da Hausa gaban mutane, da lambar ƙungiya biyu da suka taɓa ɗaukarshi, ki kira su da kanki. In kun gamsu ku bada rabi, sauran sai an tashi taro.